Daga Maraɗi zuwa Agadas da mota: tambayoyi da amsoshi kan yinin buɗe ido

Tun da muka dawo daga Agadas a hutun sanyi, ni da iyalina da ƙanena, tambaya ba ta bar ni ba. A fada wajen shayi, a ƙofar masallaci, har a wurin suna sai wani ya jawo ni gefe. Mu mutanen Maraɗi mun san hanyar arewa, amma sanin fatauci muka yi mata: hatsi ya hau, albasa da dabino da gishiri su sauko. Akwai wanda ya je Agadas sau goma bai taɓa ɗaga kai ya dubi hasumiyar babban masallacin garin da Turawa ke ƙetaro teku domin ta ba. Wannan abu yana damuna, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da idona ya gani.

Malam, wace hanya ta fi, ta Damagaram ko ta Tawa?

Hanya biyu ce. Ta gabas, ka bi kwalta ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita har Damagaram, wajen kilomita 235. Daga nan ka miƙe arewa, ka wuce matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ka ratsa ƙasar Damargu ta Tanut, sai Adarbisinat, sai Agadas, wajen kilomita 450. Ta yamma kuwa, Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, ka karkata a Tsarnawa zuwa Tawa, sai Abalak, sai Agadas. Wannan ta ɗan fi tsawo, kuma ɓangarenta na sama shi ne tsohuwar hanyar yuraniyom da manyan motoci suka cinye.

Ni ta Damagaram na bi, ita kuma nake ba mai iyali shawara, domin tana ba ka damar raba tafiyar gida biyu. Ka tashi Maraɗi bayan azahar, ka kwana Damagaram, in da sauran rana ka leƙa unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, ka yi sammako washegari. Kafin ka yanke, je tasha ka tambayi direbobin da suka sauko cikin makon nan. Hanyar hamada tana sake kama bayan kowace damina, labarin bara ba ya yi wa bana amfani.

Wane lokaci na shekara ya dace?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da rana akwai ɗumi mai daɗi, da dare sanyi ya sauko har ka nemi bargo biyu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin yakan haura digiri 40, ba lokacin yawo da yara ba ne. Da damina, ko da yake ruwan Agadas bai kai ko rabin na Maraɗi ba, korama kan cika cikin sa'a guda ta yanke hanya, saboda ruwan da ya zuba kan duwatsun Azbin ba shi da inda zai tsaya.

In biki kake so, akwai Biyanu da ake yi a Agadas cikin watan Muharram, inda ƴan gabas da ƴan yamma na gari ke fitowa da ganguna da ganyen dabino, kowa cikin rawani da manyan riguna. Akwai kuma taron makiyaya na Ingal wajen watan Satumba, lokacin da Buzaye da Fulani ke kai dabbobinsu lasar gishiri. Amma ranar biki ranar kallon mutane ce, ba za ka samu natsuwar duba gini ba.

Ka faɗa mana gaskiya, yaya tsaro?

Wannan tambayar surukina ne ya fara yi mini ita, kuma ita ce ta fi kowace nauyi. Arewa ba ta zauna daram ba. Akwai ƴan fashi a wasu hanyoyin daji, kuma a 2025 an sace baƙi Turawa a cikin garin Agadas kansa. Baƙo ɗan ƙasar waje yana da nasa ƙa'idodin, har da rakiyar jami'an tsaro. Ɗan ƙasa mai takardunsa yana bin babbar hanya ya shiga gari kamar kowa, motocin haya na zuwa na dawowa, amma wannan ba ya nufin a saki jiki.

Abin da muka yi: ba mu taɓa tafiyar dare ba, ko ta kilomita goma. Kowane babba da katin shaidarsa, yara da takardun haihuwa, mota da takardunta cikakku. A kowane shinge mun tsaya, mun yi sallama, mun amsa abin da aka tambaya. Duk abin da ya shafi fita daga kwalta zuwa cikin daji, sai da izinin hukuma da ɗan jagora na gari. In jandarma ya ce maka kada ka bi nan yau, to kada ka bi, ko da ka riga ka biya kuɗin mota.

Yini ɗaya zai isa mutum ya ga Agadas?

Zai isa ga garin kansa, in ka yarda rana ce za ta tsara maka yinin. Kuskuren da nake gani shi ne mutum ya rubuto wurare goma sha biyu a takarda, ya yi ta gudu tsakaninsu, ya dawo masauki da ciwon kai da hotuna, in ka tambaye shi me ya gani ya kasa faɗa. Yinin hamada gida uku ne: safiya ta ƙafa, tsakar rana ta inuwa, maraice na kasuwa da hira.

Ga yadda namu ya kasance. Mun yi sallar asuba a babban masallaci, cikin sanyin da ke shiga ƙashi. Muka zauna a waje har gari ya waye, muna kallon yadda hasken farko ke sauka kan hasumiya daga sama zuwa ƙasa, ƙasar ginin tana juyawa daga toka-toka zuwa ja. Muka karya da ƙosai da shayi a bakin hanya. Da hantsi muka hau hasumiyar, muka sauko muka je gaisuwa fada, wadda ke nan kusa da masallacin. Daga nan muka shiga lungunan tsohon gari da ƙafa, ɗan jagoranmu na gaba, har wajen ƙarfe 11 da rabi. Sai masauki: abinci, azahar, barci. Bayan la'asar muka nufi wajen maƙera da dukawa, inda muka daɗe fiye da yadda muka yi niyya, sannan kasuwar dabbobi a gefen gari, inda raƙuma ke durƙushe ana ciniki da hannu cikin hannun riga. Magariba ta same mu a kan soron wani gidan cin abinci da ke fuskantar masallaci. Bayan isha'i aka kafa shayi, aka yi ta hira har yaran suka yi barci a kan tabarma.

Wurare biyar ko shida ke nan. Yinin ya cika maƙil, amma babu inda muka shiga muna duban agogo.

Ita hasumiyar, da gaske ana hawa?

Ana hawa, da izinin masu kula da masallacin, kuma ba a lokacin salla ba. Tsawonta mita 27, da ƙasa zalla aka gina ta. An fara gina masallacin wajen 1515, ana danganta ginin da wani waliyyi mai suna Zakariya, aka sake gina hasumiyar a 1844 bisa siffarta ta farko. Itatuwan da ka gani sun fito jikinta kamar ƙaya suna riƙe ginin, su ne kuma matakan magina idan za a yi yaɓe.

Ciki duhu ne, matakala tana zagayawa tana ƙara matsewa. Farko kana tafiya tsaye, can sama sai ka sunkuya, kafaɗunka na gogar bango hagu da dama, rigarka na kwasar jar ƙasa. Akwai warin jemage. Ƙananan tagogi ne ke jefo haske nan da can, ta cikinsu kana hango rufin gidaje yana nisa da kai. Ɗana mai shekara tara ya riga kowa, yana kiran mu daga sama, muryarsa na gangarowa cikin ramin. Da ka fito, iska ce za ta fara marabtarka. Wurin tsayuwar ɗan ƙarami ne, mutum uku ko huɗu sun cika shi. Ƙarƙashinka ga tsakar gidaje, ga mata na shanya, ga awaki, ga fada, ga layin itatuwan koramar Telwa, can arewa kuma duwatsun Azbin sun yi shuɗi-shuɗi. A nan na gane abin da hasumiyar ta kasance ga ayarin da ya kwana arba'in a rairayi: ita ce abu na farko da ke ce masa ya iso.

Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini da mai tsoron wuri matsattse su tsaya ƙasa, ba su yi asarar komai ba, kyawunta daga waje ya fi fitowa. A bar babbar riga a mota. A ba mai buɗe ƙofa abin goro.

Fadar Sarkin Azbin fa, kowa na iya shiga?

Fada ce mai rai, sarki na ciki, ana shari'a ana sasanta mutane. Saboda haka ka je kamar yadda za ka je fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri: ka yi sallama ga dogarai, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, ka tuɓe takalmi inda aka ce, ka jira. In an ce yau ba dama, ka yi godiya ka tafi. Sarautar ta samo asali ne tun ƙarni na 15, lokacin da ƙabilun Buzaye suka nemi sarki guda da zai raba musu gardama ya kuma tsare hanyar fatauci. Da dogarin ya ji mun ce daga Maraɗi muke, sai ya shiga lissafa mana unguwanninmu, Bagalam, Mokoyo, Zariya, ashe ya taɓa zama can. Hirar da muka yi da shi a zaure ta fi mini duk hoton da na ɗauka a ranar.

Me ake gani a tsohon gari, ba gidajen ƙasa ne kamar namu ba?

Hajiya babba ce ta yi wannan tambayar, kuma da gaskiyarta, ginin ƙasa ba baƙonmu ba ne. Sai dai mu tsohon Maraɗi da ke cikin kwarin Gulbi ambaliyar 1945 ta ci shi, aka dawo tudu aka yanka tituna miƙaƙƙu. Agadas ba ta yi wannan ƙaura ba. Unguwanninta 11 suna nan inda zangon kowace ƙabila ya sauka tun farko, shi ya sa lungunan ke karkacewa, su buɗe su zama fili, su sake tsukewa. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Wurare uku kada su wuce ka. Na farko gidan Sidi Ka, wanda ake kira gidan mai burodi: daga waje ba ka ce komai ba, amma ɗakin sama an yi masa ado da ƙasa tun daga bango har rufi, zane kan zane, da ƴan ramukan ajiye kaya. Na biyu gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, yana kiran kansa Abdulkarim, kafin ya gangara ƙasar Hausa. Na uku ginin da ke fuskantar masallaci, wanda ake dangantawa da Kawsan, daga baya ya zama otel. Kawsan shi ne ya jagoranci Buzaye suka kewaye barikin Faransawa daga Disamba 1916 har Maris 1917, da Sarki Tagama a bayansa. Da Faransawa suka karɓe garin sun kashe mutane da yawa, har da malamai, gari ya kusan zama kango. Tsofaffin Agadas suna ba da wannan labari da sanyin murya, kamar jiya aka yi.

Ka lura da bangayen da suka tsage da waɗanda suka zube. Ruwan 2024 ya yi wa ginin ƙasa ɓarna a ko'ina cikin ƙasar nan, a Damagaram ma ya rushe tsohon masallacin Birni. Wanda ke cewa sai wata shekara zai je, ya san cewa waɗannan gidaje yaɓen kowace shekara ne ke riƙe da su.

Don me za a ɓata sa'a huɗu ana kwance, alhali kuɗi aka kashe aka zo?

Ƙanena ne mai wannan magana. Ya bar mu a masauki ya fita shi kaɗai da tsakar rana, ya dawo ya ce ko'ina a rufe, maƙera sun tashi, lunguna babu kowa. Haka ne. Garin da kansa yana kwanciya, kuma iskar can busasshiya ce, tana shanye ruwan jikinka ba tare da ka ga gumi ba. Ko cikin sanyi, ranar tsaka tana da kaifi. Ka sha ruwa, ka sha fura, ka kwanta.

Za a iya haɗa zanen raƙuman dawa na Dabus cikin wannan yinin? Timiya fa?

A'a. Dabus tana arewa da Agadas ta hanyar Arlit, fiye da kilomita 100, a kan hanyar da ba ta da kyau, zuwa da dawowa yini ne cikakke. Abin gani ne na gaske: raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na fatarsa, ga kuma ɗaruruwan ƙananan zane kewaye da su. Shaida ce cewa inda ake ganin dutse da rairayi yau, da can ciyawa ce da ruwa. Amma sai da izini, da ɗan jagora, da katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, da kuma yardar halin tsaro na wannan makon.

Timiya ta fi haka nisa, cikin tsakiyar duwatsu take, da lambunan lemo da rumman da magangarar ruwa. Wannan tafiyar kwanaki ce. Haka hamadar Tenere, inda ayarin gishiri ke bi zuwa Fashi da Bilma. Itacen nan guda ɗaya tilo da ya yi suna a Tenere ma mota ta buge shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai. Mu ba mu je ko ɗaya daga cikinsu ba a wannan karon, ban kuma yi nadama ba. In ka samu rabin yini na ƙari, lambunan da ke bakin Telwa kusa da gari sun isa su nuna maka yadda ake noman albasa da alkama da kayan miya da ruwan rijiya a tsakiyar hamada.

A kan hanya babu abin tsayawa a gani?

Akwai, kuma mafi yawan mutane barci suke a wurin. Abu na farko shi ne yadda ƙasa ke sake fuska. Daga Maraɗi zuwa Tasawa gonaki ne da gawo da rumbuna. Bayan Damagaram itatuwa na raguwa, gero na gajarta. Bayan Tanut gona ta ƙare, sai ƙaya da tumfafiya da rijiyoyin makiyaya, inda za ka ga raƙumi ko jaki na jan guga da igiya mai tsawon da za ta gaya maka zurfin ruwan. Ka tsaya a ɗaya daga nesa kaɗan, ka yi sallama, kada ka tsoratar da dabbobi.

Kafin Agadas hanya na gangara dutsen Tigidit, wani dogon gefen tudu da ya yi baka a kudancin garin. A wannan yanki ne aka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya da ake kira dinozor. Ɗaya an sa mata suna Jobariya a 1999, daga Jobar, wata halitta a tatsuniyoyin Buzaye. Wata kuma, da aka samo a Gadufawa, sunan ƙasarmu aka ba ta, Nijersorus, mai haƙora wajen 500. Ba za ka ga ƙashi a bakin kwalta ba, kuma haramun ne a doka ɗaukar irin waɗannan abubuwa, amma ka tsayar da mota minti goma a saman gangaren, ka nuna wa yara faɗin ƙasar, ka gaya musu abin da ke kwance ƙarƙashinta.

Sai da katkat, ko ƙaramar mota za ta kai?

Zuwa garin Agadas, mota mai lafiya da ɗan tsayi daga ƙasa tana kaiwa, da haƙuri. Fita daji kuwa sai katkat da direban da ya san rairayi. Wanda ba ya son wahalar tuƙi ya shiga babbar motar haya, ya yi yawon gari da ƙafa da adaidaita, wannan ma ya wadatar.

Mu taya ta fashe mana bayan Tanut, inda babu gida babu inuwa, rezo kuma ya ɗauke. Da muka sa safaya sai na ga ashe ita ma iskarta ta yi ƙasa, da ɗan famfon hannu da matata ta dage sai an saka a but muka tashe ta. Tun daga ranar nake cewa: safaya biyu, jak mai aiki, famfo, igiyar ja, ruwan lagireto, fitilar hannu. Ka cika tanki a Damagaram, ka ƙara a Tanut ko da bai yi rabi ba, ka riƙe jarka ɗaya ta esansi. Ruwan sha kuwa, ka ɗauki ninkin abin da kake zato, ka raba shi jarka biyu don in ɗaya ta tsiyaye. Ka gaya wa wani a gida lokacin da ka tashi da lokacin da ya kamata ka isa.

Yaya, mu mata da yara, tafiyar za ta yi mana?

Ƙanwata ke nan. Za ta yi, ƙanwata, in an shirya. Wahalar tana kan hanya: zama mai tsawo, ƙura, da rashin wurin kewayawa mai sutura, don haka ki riƙe babban zane da buta. Ki ɗauki rigunan sanyi da hula da safa na yara, man kaɗanya don leɓe da ƙafa, gishirin zawo, maganin zazzaɓi, da abin taɓawa irin su ƙuli-ƙuli, dabino da kilishi. Jariri ɗan wata biyu ko uku da mai tsohon ciki, ni dai ban ba da shawara ba.

A cikin gari kuwa ke za ki fi mu morewa. Matata an ja ta cikin gidaje inda ni ban isa in shiga ba, ta ga gadajen Buzaye da tabarmin kaba da aikin fatar da mata ke yi, ta fito da lalle a hannu da ƙawaye biyu da har yau suke gaisawa ta waya.

Salla fa a kan hanya?

Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, tunda a mazhabar Malikiyya wajen kilomita 80 ne. Azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu, matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. In ka bi limamin gari sai ka cika tare da shi. Inda ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishi, taimama ta halatta, kada a zubar da ruwan sha. Mai sauran tambaya ya je wa malaminsa kafin ya tashi.

Za mu ji maganarsu? Ana ɗaukar hoto?

Hausa ce harshen kasuwa da titi a Agadas, da nata karin da ƴan kalmomin da za su ba ka mamaki, ga Tamashek a bakin Buzaye. Ba za ka ɓata ba. Gaisuwarsu doguwa ce, a hankali, ana shafa tafin hannu ana sakewa ana komawa, kada ka yi gaggawar shiga magana. In an kafa maka shayi, zagaye uku ne, tashi bayan na farko ba ladabi ba ne, don haka in ba ka da lokaci ka nemi afuwa tun kafin a ɗora buta. Kada ka tambayi namiji don me ya rufe bakinsa da rawani, wannan mutuncinsa ne.

Hoto: gini ka ɗauka, mutum sai ka tambaya, mace sai ka tambaya sau biyu. Bariki, shinge, filin jirgin Mano Dayak da motocin soja, ko wayarka kada ka ɗaga.

Wace tsaraba ta cancanci kuɗinta?

Aikin maƙera. Ka zauna ka ga yadda ake yin kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na azurfa: a siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, a fasa yumɓun, sannan a zauna da ƴar ƙaramar kurfi ana zane layi bayan layi. Maƙerin da muka zauna wurinsa yana riƙe da abin da yatsun ƙafarsa, yaronsa na busa zuga-zugi, shayi na tafasa a gefen wutar guda. Akwai siffofi 21, kowace da sunan garinta, har da ta Tawa da ta Damagaram. Ka tambaya ko azurfa ce ko gauraye, za a gaya maka, farashin ma ya bambanta. Ka yi ciniki, amma wanda ya ga yawan aikin da ke cikin abin ba zai yi masa tayin wulaƙanci ba.

Bayan wannan akwai takalma da jakunkunan fata, cuku, dabino, kantun gishirin Bilma don masu dabbobi a gida, da lemon Timiya in lokacinsa ne. Cuku a nannaɗe shi cikin takarda ko ƙyalle, leda tana sa shi gumi.

Kawu, wanda ba shi da kwana biyar ko kuɗin Agadas fa?

Ɗan yayata ne, ɗalibi a jami'ar Dan Dikko Dankulodo, ya yi wannan tambayar. Jiharmu ma tana da bakin hamada. Ka bi ta Tibiri da Kornaka zuwa Dakoro, wajen kilomita 120, ka ƙetare kwarin Tarka, arewa da nan akwai gandun dajin Gadabeji, hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO kuma ta amince da shi a 2017. Raƙuman dawa sun ɓace a can wajen shekara hamsin, sai a 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota aka sake su. Tuddan rairayi ne masu ciyawa, da barewa, da rugagen Fulani da Buzaye a kewaye.

Ku haɗa kuɗi ku biyar ko shida ku ɗauki katkat, domin bayan Dakoro rairayi ne. Ku fara zuwa wurin malaman daji ku nemi izini da wanda zai raka ku, ku tambayi hukuma halin hanya. Ku kwana Dakoro, ku shiga dajin da sassafe lokacin da dabbobi ke kiwo, ku fito kafin rana ta take, la'asar ta same ku a kan kwalta kuna fuskantar gida.